Ranar da Mai Wankin Hula Ya Ƙi Ɓuya

Da Malam Nu'uman ya bi maganar matarsa ranar Asabar ɗin nan, da kunnensa bai jiyo masa abin da ya kusa rusa auren 'yarsa ba. Tun da sassafe, yana shan koko, Aishatu ta tsaya a kansa ta ce, "Malam, yau dai kada ka buɗe rumfa. Ka tafi kasuwar Muda Lawal wajen abokanka ka yini. Uban yarinya ba ya zama a kan hanyar masu neman aure."

Ya ce to. Amma to ɗin ta baki ce. Da ya fita, ƙafarsa ba ta kai shi ko'ina ba sai rumfarsa ta wankin hula, wadda ke ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro a bakin lungun gidan yayansa Hammajoda, nan unguwar Gwallaga a Bauchi. Duk mai zuwa gidan sai ya gifta ta gaban rumfar. Ya jera gumaguman itacen da yake ɗora huluna a kai, ya dama sitaci, yana ce wa kansa ai aiki ne ya taru. Shi ma ya san ba aiki ba ne. So yake ya ga irin mutanen da za su zo neman 'yarsa.

Amatullah ita ce 'yarsa ta fari, a zuriyarsu kuwa ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ana yaye ta aka kai wa Hammajoda. Shi ya riƙe ta, shi ya sa ta makaranta, shi ne kuma zai ba da aurenta. Malam Nu'uman bai taɓa kiran sunanta ba. In zai yi zancenta sai ya ce "yarinyar gidan Hamma". In ta zo gaishe shi, yakan amsa yana kallon hular da ke hannunsa. Mutane na yaba masa, suna cewa Malam Nu'uman akwai kara. Ba su san lokacin da ƙyanda ta kwantar da ita tana ƙarama, yini ya yi yana zagaye gidan kamar kazar da ke neman wurin yin ƙwai ba. Ba su san ranar da ta gama makarantar koyon aikin lafiya, a bayan katanga ya tsaya yana leƙe har aka kira sunanta aka tafa ba.

Da ta gama karatu ta samu aiki a wani kemis a Yelwa, wajen wata mata mutuniyar Tafawa Balewa da ake ce wa Madam Roda. A nan Allah ya haɗa ta da Mahfuz.

Mahfuz ɗan Alhaji Sambo ne, tsohon babban ma'aikacin gwamnati, 'yan asalin cikin gari da suka koma unguwar manya, inda katangar gida ta fi ɗakin wani tsawo. Malam Nu'uman ya san gidan sarai, don shekara da shekaru shi ke wanke hulunan Alhaji. Amma iyakarsa bakin ƙofa. Ya miƙa wa maigadi, ya juya.

Yaron ya shiga jami'a da ƙwaƙwalwa mai kyau, sai abokai suka koya masa shan kodin da ƙwaya. Aka kore shi. Ya zama abin nuni, duk inda ya gifta a ce ga ɗan Alhaji Sambo can da ya lalace. Wata rana ya faɗo kemis ɗin yana tangaɗi, ya ce a ba shi abin da ya saba. Amatullah ta ce ba sa sayarwa. Ya zage ta tas, har ya ce mata 'yar matsiyata, ya fita. Bai yi taku nawa ba ya kife cikin kwatar da ke bakin shagon. Nan da nan samari suka taru, kowa ya ɗaga waya zai ɗauki hoto. Ita kuwa ta fito da gudu, ta zare mayafin da ke kafaɗarta ta rufa masa a fuska, ta tsaya tsakaninsa da wayoyin. Madam Roda ta fito tana faɗa da irin Hausarta, "Ku ba ku da ɗan'uwa ne? Wanda bai taɓa faɗuwa ba ya ɗauka hoto mu gani!" Su biyu suka ja shi ciki.

Daga nan aka daina ganinsa. An ce an kai shi asibiti a wani gari. Da ya dawo, ya rame, idonsa ya washe, wurin da ya fara zuwa kemis ɗin ne. Ya kawo mayafin a wanke a ninke, ya durƙusa a gaban kanta, a gaban masu sayen magani, ya nemi gafara. Mahaifinsa ya ba shi mota ya ƙi karɓa. Ya ce zaman banza da kuɗin da bai sha wahalarsa ba su suka kai shi kwata. Ya je ya karɓi keke mai ƙafa uku a hannun wani, ya shiga ɗaukar fasinja tsakanin Yelwa da kasuwa. Tun 'yan'uwansa na jin kunyar a ce nasu ne, har suka gaji suka bar shi. Gaisuwar da yake tsayawa yi a kemis kuwa ta yi ta tsawo, har Madam Roda ta ce masa, "Kai, nan ba tasha ba ne. In kana son yarinya, ka je gidan babansa."

Duk wannan Malam Nu'uman a bakin Aishatu ya ji shi, ita kuma a bakin Zinariya matar Hammajoda, suna zancen kamar na 'yar maƙwabta. Ya yi ta haɗiyewa har wata rana haƙuri ya ƙare masa. Ya je bakin Muda Lawal, ya jawo hularsa har gira, ya bar kekuna suna wucewa har na Mahfuz ya iso. Ya shiga baya ya ce Gwallaga.

A hanya cunkoso ya tsayar da su daidai wata majalisar samari. Biyu suka taso da ihu. "Ɗan Alhaji! Ustazu! An tuba ke nan, an manta da mu?" Ɗayan ya zuro hannu ya ajiye masa robar lemo a cinya, abin da ke ciki kuwa launinsa ba na lemo ba ne. "Jiƙa maƙoshi mana, don tsohuwar zuma."

Malam Nu'uman ya zuba wa hannuwan yaron ido. Rawa suke yi. Gumi ya keto masa a ƙeya har ya jiƙa wuyan rigarsa. Ya daɗe yana kallon robar nan. Can ya ɗauka ya miƙa wa mai ita, ya ce, "Na gode. Yau ban sha ba, bari in ƙarasa yinin." Hanya na buɗewa ya ja keke. Da suka iso wani ƙaramin masallaci ya tsaya, ya ce, "Baba, yi haƙuri da ni kaɗan." Ya sauka ya ɗauki buta ya yi ta watsa wa fuskarsa ruwa, sannan ya dawo suka ci gaba.

Da abu biyu Malam Nu'uman ya koma gida ran nan. In ya tuna yadda yaron ya mayar da robar, sai ya ji sanyi a ransa. In ya tuna rawar hannun, sai abinci ya fita kansa. Ga shi ba shi da wanda zai faɗa wa, don ba huruminsa ba ne.

To, ranar Asabar ɗin, hantsi na ɗagawa wata baƙar mota ta tsaya a bakin titi, don lungun ba ya cin ta. Mutum biyu suka fito cikin shadda, ƙamshin turarensu ya riga su isowa, direba na biye da su ɗauke da ƙunshin goro da katan ɗin alawa. Na gaba, mai jiki, shi ne Alhaji Gidado ƙanin Alhaji Sambo. Na bayansa, siriri mai tabarau, Dokta Bappah ne, ɗan baffansu.

"Mai hula," in ji Alhaji Gidado, "ina ne gidan Malam Hammajoda?"

"Ga shi can, ranka ya daɗe, mai koren ƙyaure. Amma ya je jana'iza nan baya, yanzu zai dawo. Ga benci, ku huta."

Nan ne ya kamata ya ce musu shi ne wane. Amma da wane baki uban 'yar fari zai buɗe ya ce ni ne ubanta? Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da goga buroshi.

Alhaji Gidado ya zauna, bencin ya yi ƙara. Ya cire hularsa, zanna bukar ce mai tsada, ya duba bakinta inda gumi ya yi zobe. "Kai, ga ma dama ta samu. Ungo, wanke mini wannan, direba zai zo ya karɓa." Ya aiki direban ya ɗauko masa wata a mota. Daga nan suka manta da mai rumfa, kamar yadda ake mantawa da turmi a tsakar gida.

"Ni fa ban ga abin ɓata lokaci a nan ba," in ji Alhaji Gidado. "Mu ajiye goro, su ce sun ba mu, mu tafi. Ina da ɗaurin aure a cikin gari."

"Kada ka ce haka. In suka ƙi fa?"

"Su ƙi? Gidan Yaya Sambo? Bappah, ka cika wasa. Ai yau a unguwar nan salla ake. Kuma mu ma mun huta. Wace 'yar gidan mutunci ce za ta ɗauki Mahfuz? Ka manta yadda aka yi da mu a gidan Alƙali? Ruwa kawai suka ba mu. Wannan kuwa ta san allura, ta san magani. Mun samu nas ba albashi."

Dokta Bappah ya gyara tabarau. "Yaron fa ya shiryu, Gidado. Ni na ga alama."

"Allah ya sa. Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Kyan abin shi ne, ko ya koma ruwa gobe, waɗannan ba su da bakin magana. In ta yi yaji, ubanta da kansa zai riƙo hannunta ya dawo da ita, ya ce yi haƙuri 'yata. Talaka ba ya mayar da arziki."

"Uban ma me yake yi?"

"An ce sana'ar hannu. Wanki ne ko guga, ban riƙe ba." Sai ya waiwayo. "Mai hula, kai ɗan unguwa ne. Ka san uban yarinyar?"

Buroshi ya tsaya a hannun Malam Nu'uman. "Na san shi, ranka ya daɗe."

"Mutumin kirki ne?"

"Yana dai ƙoƙari."

Alhaji Gidado ya yi dariya. "Ka ji 'yan unguwa, ba sa yabon juna."

Ana haka Hammajoda ya ɓullo da sandarsa. Da ya ga ƙaninsa a rumfa sai ya galla masa harara, irin ta me kake yi a nan, amma bai ce komai ba a gaban baƙi. Ya yi musu maraba, ya wuce da su zaure.

Malam Nu'uman ya zauna, hular Alhaji Gidado na nutse cikin ruwan kumfa. Ba zagin da aka yi masa ne ya dame shi ba, ya saba da tsayuwa a bakin ƙofar manya. Abin da ya soke shi, gaskiyar da ke cikin maganar. Ya san kansa. In yarinyar nan ta dawo gida da kuka, abin da zai ce ke nan, yi haƙuri, don haka ya ji ubansa ya ce wa 'yan'uwansa mata. Kuma ya san Hammajoda: in ya furta "mun ba ku", ko sama da ƙasa za su haɗu ba ya janyewa. Sa'a ɗaya, Hammajoda mutum ne mai dogon zance. Sai ya tambayi lafiyar kowa har dabbobi, ya ba da tarihin yadda kakansu ya sauka a Bauchi da shanunsa, kafin ya taɓa goro.

Ya tashi, ya zaga ta gidan maƙwabta, ya shiga ta ƙofar baya. Zinariya na dama fura ta baƙi, Aishatu na taya ta. Amatullah na zaune a ƙofar ɗaki da faifan shinkafa a cinya, tana tsinta ba ta ganin abin da take tsinta.

Ya tsaya a tsakar gida, hannuwansa fari fat da sitaci. Sannan ya ce, "Amatullah."

Ludayi ya suɓuce wa Zinariya ya faɗa cikin ƙwarya. Aishatu ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Malam, lafiya?" Amatullah ta ɗago kai a hankali, tana duba ko wani ne ya shigo da muryar babanta.

"Zo nan," in ji shi.

Ta taso ta durƙusa a gabansa. Ya faɗa mata abin da ya ji, bai rage ba, bai ƙara ba. Ya ce, "In kin ce a tsaya, yanzu zan shiga zauren nan in tsayar, ko Hamma zai daina yi mini magana."

Hawaye suka fara sauka a kan hijabinta. Ya ɗauka maganar baƙin ce ta sa ta kuka. Sai ta ce, "Baba, ashe ka san yadda ake faɗar sunana."

Ya kau da kai. "Ba wannan na tambaye ki ba."

Ta share fuska. "Abin da suka faɗa, na riga na ji, Baba. Shi da kansa ya gaya mini haka suke cewa a gidansu. Ya ce in don in yi jinyarsa ne, kada in aure shi, asibiti ya fi ni iya jinya. Ni kuma ba don gidansu nake sonsa ba, ba kuma don tausayi ba. Na ga mutum a kwata, na kuma ga yadda ya fito da ƙafarsa. Masu shaddar can ba su taɓa yin abu mai wuya kamar wannan ba."

"In ya koma fa?"

"Tambaye shi, Baba. Yana bayan masallaci tun asuba, a cikin kekensa. Shi ma an ce masa kada ya zo."

Zinariya ta tafa hannu. "Oh ni! Yau al'ada ta ga ta kanta. Uba ya ƙi ɓuya, ango ya ƙi ɓuya. Sauran ni in shiga zauren in zauna."

Malam Nu'uman ya fita. Ga keken kuwa a inuwar bayan masallaci. Mahfuz na hango shi ya diro, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a ƙasa, bai damu da ƙurar da ta ɓata masa wando ba.

"Ka san ni?" in ji Malam Nu'uman.

"Na san ka, Baba. Tun ina gida nake ganinka kana kawo hulunan Alhaji."

Malam Nu'uman ya ce, "Ran da na shiga kekenka a Muda Lawal fa?"

"Kana ɗaga hannu na gane ka."

"Wato don ina zaune a bayanka ka mayar da robar nan."

Mahfuz ya ce, "Ran nan, e, don kai ne. Da ba ka nan, ban san yadda za ta kaya ba. Amma washegari na sake bi ta wajen, ba kowa a baya, suka sake miƙo mini, na wuce."

"To yanzu ka rantse mini ba za ka koma ba."

"Baba, ka gafarce ni, ba zan rantse ba. Na dafa Alƙur'ani a gaban mahaifina ba sau ɗaya ba, na karya. Ba na so in fara da kai da ƙarya. Abin da na sani, jiya ban sha ba, yau ban sha ba, gobe kuma in Allah ya kai mu zan sake kokawa da ita. Na kama ɗaki da falo a Yelwa da gumina, can za mu zauna, ba gidan Alhaji ba. Amma akwai abin da nake so in roƙe ka, na rasa ta inda zan bi, don suruki ba ya tarar suruki."

"Ga ni."

"Ka bar mata ɗaki a gidanka. In ta ga na koma, ko sau ɗaya, ta tattara ta taho. In ta zo, don Allah kada ka ce mata ta yi haƙuri. Kada ka mayar da ita, ko wa aka aiko biko, ko Alhaji ne da kansa. Na san halin abin nan, Baba. In ya kama ni, zan yi kuka, zan yi rantsuwa, zan ba ku tausayi. Kada ku ji. Ita ba ta ci bashin kowa ba da za ta biya da rayuwarta."

Malam Nu'uman ya tsaya yana kallon ƙeyar yaron. Ya sha ganin masu neman aure suna alkawarin mota da Makka. Bai taɓa jin wanda ya zo neman mace, ya fara da roƙon a buɗe mata hanyar guje masa ba.

"Tashi ka sa takalminka," in ji shi. "Ƙasar da zafi."

Ya koma rumfa, ya tsamo hular Alhaji Gidado, ya ɗauraye, ya matse, ya ɗora a kan gungume. Da ita a hannu ya yi sallama a zaure. Ya tarar Hammajoda ya kawo tarihin kakansu har bakin ganuwar Bauchi, goro na gabansa bai taɓa ba tukuna.

Alhaji Gidado ya yamutsa fuska. "Mai hula, ai na ce direba zai zo. Ba ka ga ana magana ba?"

Hammajoda ya buga sandarsa a ƙasa. "Nu'uman! Me ya shigo da kai? Yaushe uba ya fara zama a neman auren 'yarsa ta fari?"

Dokta Bappah ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga. Alhaji Gidado ya kalli hular, ya kalli mai riƙe da ita, bakinsa ya ɗan buɗe.

Malam Nu'uman ya durƙusa a gefen yayansa. "Hamma, ka yafe mini, na san na keta. 'Yarka ce, kai za ka bayar, ni ba ni da ta cewa. Magana ɗaya ce na ga gara a yi ta yanzu da a yi ta daga baya." Bai kalli Alhaji Gidado ba, bai kuma maimaita ko kalma ɗaya daga abin da ya ji a rumfa ba. "Yaron nan mun san inda ya fito, shi ma bai ɓoye ba. Muna sonsa. Amma in har ya koma wa abin da ya bari, yarinya za ta dawo gida, kuma ba wanda zai ce mata ta yi haƙuri. Ba biko, ba aike, sai ran da ita da kanta ta ce ta yarda. In kun amince da haka, a ci goro."

Alhaji Gidado ya yi gyaran murya. "Malam, ai wannan ba a saba ba. Aure ɗan haƙuri ne. Kuma sharaɗi irin wannan, a ce an gindaya wa gidan Yaya Sambo..."

"Ba ni na ƙirƙiro shi ba, ranka ya daɗe. Ɗanku ne ya roƙe ni, yanzun nan, a bayan masallaci."

Dokta Bappah ya mayar da tabarau, ya daɗe yana kaɗa kai. "Mahfuz ne ya faɗi haka?" Ya juya ga ɗan'uwansa. "Gidado, na ce maka yaron nan ya shiryu. Malam, mun amince. Ni shaida ne, kuma da bakina zan gaya wa Yaya."

Hammajoda ya harari ƙaninsa har sai da ya ƙoshi, sannan ya jawo ƙunshin goro. "To, tun da kowa ya zama marar kunya yau, ni ma bari in taƙaita. Mun ba ku. Kai kuma tashi ka ba mu wuri, ka je ka shanya wa Alhaji hularsa kafin ta yi wari."

Da baƙin suka fito, Alhaji Gidado ya tsaya a bakin rumfa yana shafa gemu, kamar mai neman abin da ya yar. Can ya ce, "Malam, ɗazu... baki ne, ka san shi."

"Ban ji komai ba, ranka ya daɗe. Buroshi na da ƙara. Jibi hularka za ta bushe."

Bayan babbar salla aka ɗaura aure. Madam Roda ta zo da 'yan cocinsu mata, suka cika tsakar gida da guɗa, ita ce ma ta fi kowa kuka da za a tafi da amarya. Alhaji Sambo ya daina aiko da hulunansa, wai yana jin nauyin suruki ya wanke masa hula. Malam Nu'uman ya aika masa cewa sana'a sana'a ce, kuma ba wanda ya san girman kan Alhaji kamar gungumensa. Sai ga hulunan sun dawo, amma yanzu Mahfuz ke kawo su a keke. Ya tuɓe takalmi tun daga bakin dogon yaro, su gaisa, kowa na kallon ƙasa. Malam Nu'uman dai ba ya fasa satar kallon hannuwansa.

Sunan Amatullah bai sake fita daga bakinsa ba tun ran nan. Ya koma cewa "yarinyar gidan Hamma". Amma ɗakin da ke kusa da rijiya a gidansa ya sa an yi masa sabon daɓe, ya sa katifa da labule. Aishatu ta so ta zuba buhunan masara a ciki, ya hana. Duk Juma'a shi da kansa yake share shi, ya buɗe taga iska ta shiga.

Har yanzu ba wanda ya kwana a ɗakin. Ko zai tabbata haka, Malam Nu'uman bai sani ba, Amatullah ba ta sani ba, shi kansa Mahfuz bai sani ba.